Nonon Uwa da Sinadaran Hana Gobara: Tarihin Rabin Ƙarni

Birnin Lalle, a ƙasar Dakwaro cikin jihar Maraɗi, tsohon mazaunin Gobirawa ne bayan fitowarsu daga Azbin, kuma gari ne da ya daɗe da sanin baƙon kaya. A zamanin ayari, abin da raƙumi ya sauke ana ganinsa da ido, a taɓa shi da hannu, gishiri ne ko dabino ko kanwa. Kayan wannan zamani kuwa, irin su tsohuwar talabijin da kwamfuta da kujerar mota, waɗanda har zuwa 2023 suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suna biyowa ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, suna tafe da abin da ido ba ya gani. Daga ciki akwai sinadaran da masana'antu ke zubawa domin hana kaya saurin kama wuta. Tarihin waɗannan sinadarai, kamar yadda bincike ya nuna, a cikin nonon uwa aka fi samunsa a rubuce.

Dalilin haka a fili yake. Ire-iren waɗannan sinadarai ba sa narkewa a ruwa, ba sa kuma ruɓewa da wuri. A kitse suke maƙalewa, su yi shekaru a jikin mutum. Idan mace ta haihu, jikinta yakan ɗebo daga kitsen da ya tara domin haɗa maiƙon nono, sai su biyo shi. Saboda haka nono ya zama ma'auni mai sauƙi na abin da jikin al'umma ya kwasa. Tun a shekara ta 1951 aka gano maganin ƙwari na DDT a nonon mata a Amurka.

Masifar farko da ta fito da sinadaran hana gobara fili ta auku ne a jihar Mishigan ta Amurka a shekara ta 1973. Wani kamfani ya yi kuskuren aika buhunan sinadarin PBB, mai sunan kasuwa FireMaster, a maimakon wani gishirin da ake garwayawa cikin abincin dabbobi. Kafin a gano bakin zaren, jama'a sun ci nama da ƙwai, sun sha madarar dabbobin da suka ci gubar. An hallaka shanu wajen 30,000 da kaji kimanin miliyan ɗaya da rabi. Da aka gwada nonon matan jihar a 1976, sai aka tarar da sinadarin a jikin fiye da tara cikin goma na matan yankin kudu.

An daina yin PBB a Amurka, amma ɗan'uwansa PBDE ya ci kasuwa. A 1975 jihar Kalifoniya ta kafa ƙa'idar da ta wajabta wa soson kujeru ya jure harshen wuta na daƙiƙa 12, kuma hanya mafi arha ta cika sharaɗin ita ce a zuba masa PBDE. Haka aka riƙa zuba shi cikin robar talabijin da kwamfuta da kayan cikin mota. Da yake cuɗa shi kawai ake yi da robar, ba ya haɗewa da ita, sannu a hankali yakan fita ya shiga ƙurar ɗaki, daga nan ya kai hannu da baki, ko ya bi ruwa ya taru a jikin kifi.

Ƙasar Suwidin ce ta tona asirin, domin ta yi abin da wasu ba su yi ba: ta riƙa adana nonon da mata ke bayarwa a birnin Stockholm shekara da shekaru. Masu bincike Daiva Meironyté da Koidu Norén da Åke Bergman suka koma kan wannan ajiya, suka buga sakamakonsu a 1999. A nonon 1972 sun sami nanogiram 0.07 na PBDE a kowane giram na maiƙo. A na 1997 ya kai nanogiram 4. Nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram, don haka adadin ƙanƙani ne. Abin da ya ta da hankali shi ne yana ninka kansa duk bayan shekara biyar, alhali DDT, wanda aka riga aka hana, yana ta raguwa. A 2003 Arnold Schecter ya gwada nonon mata 47 a jihar Tekzas, ya sami abin da ya ninka na Turai sau 10 zuwa 100. Gwaje-gwaje kan dabbobi sun nuna sinadarin yana dagula aikin ƙullin nan na wuya wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, wasu binciken kuma sun danganta yawansa a jikin mai ciki da raunin kaifin ƙwaƙwalwar yaro.

Daga nan doka ta biyo baya. Tarayyar Turai ta hana nau'o'i biyu na PBDE a 2004, kamfanin da ke yin su a Amurka ya daina a ƙarshen shekarar. Yarjejeniyar Stockholm kan gubobi masu daɗewa, wadda Nijar da Nijeriya ke cikinta, ta sa su a jerin haramtattu a 2009, ta ƙara da nau'in da ya rage a 2017. Nono ya sake ba da shaida: a Suwidin adadin ya fara sauka tun ƙarshen shekarun 1990, a Kalifoniya kuma ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 cikin ƙasa da shekara goma.

Sai dai kayan da aka riga aka ƙera ba su ɓace ba, jirgi suka hau. Binciken da Kwadwo Ansong Asante da abokan aikinsa suka buga a 2011, kan nonon matan Akra da Kumasi da Tamale, garuruwan da ke da tsofaffin zangunan Hausawa, ya nuna PBDE ya ƙaru tsakanin 2004 da 2009. Matsakaicinsa ya kai nanogiram 4.5, wato ya zarce abin da ya firgita Suwidin, a ƙasar da ba ta taɓa ƙera shi ba. A lokacin, unguwar Agbogbloshie ta Akra ta yi suna wajen ƙona tsofaffin kayan lantarki domin ciro tagulla, kafin hukuma ta rushe wurin a 2021. Nijar ma ta shiga binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ke gudanarwa tare da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake haɗa nonon masu haihuwar fari wajen 50 daga kowace ƙasa, a gwada shi a birnin Freiburg na Jamus.

A ƙasar Hausa zargin nono ba sabon abu ba ne. An san al'adar zubar da dakashi, da ta jefa tururuwa cikin nonon mai jego a ga ko za ta fita da rai, kuma jarirai da dama sun rasa abincinsu na farko ta wannan hanya. Labarin sinadarai na iya zama sabuwar rigar tsohon tsoro, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fi kowa tara alƙaluman, ba ta sauya matsayi ba: nono zalla wata shida, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Mutanen Dakwaro da suka ga yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin, sun san abin da ke jiran yaron da aka cire daga nono da wuri a inda ruwan sha ba shi da tabbas.

Abin da tarihin ya tabbatar shi ne adadin ya sauka ne a inda aka toshe mafarin gubar. A gari irin Birnin Lalle, wannan na nufin kada a ƙona roba da soso da wayoyin lantarki kusa da gidaje da rijiyoyi da makiyaya, a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannun yara kafin cin abinci. Nauyi mafi girma kuwa yana kan hukumomin da ke tsaron tashoshin ruwa da kan iyaka, waɗanda Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta ɗora wa alhakin hana shigo da shara mai guba nahiyar Afirka.