Sanin 'Yan Kallo da Rashin Sanin Sarki a Dandalin Atina

A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Yunanawan birnin Atina sukan taru duk shekara, wajen watan Maris, a gindin tsaunin Akurofolis domin bikin abin bautarsu Diyonisas, inda marubuta uku kan yi gasa, kowannensu da wasanni uku na baƙin ciki, alƙalai kuma su yanke hukunci. Ƙa'idojin wasan masu tsanani ne. Maza kaɗai ke fitowa, sanye da fuskar aro, masu magana ba su wuce uku ba, 'yan amshi kuwa 12 ne har marubuci Sofokilis ya mai da su 15. Galibi ba a zub da jini a idon jama'a, sai ɗan aike ya shigo ya ba da labari.

Amma abin da na fi ganin hikimarsa shi ne cewa ƙissoshin na kaka da kakanni ne, mai kallo ya san ƙarshensu tun bai zauna ba, saboda haka duk kalmar da ta fito daga bakin sarki sai ta zama mai harshen damo, yana nufin abu guda, jama'a na jin wani. A wasan Sarki Idifus, wanda Sofokilis ya tsara wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa, annoba ta afka wa birnin Tibis, sarki ya tashi cikin ikhlasi ya la'anci wanda ya kashe tsohon sarki Layus, ya ce zai nemi haƙƙinsa kamar na mahaifinsa, alhali kuwa Layus mahaifinsa ne, shi ne kuma ya kashe shi bisa rashin sani. Da makaho Tiresiyas ya faɗa masa gaskiya, sai ya goranta masa makanta, shi da zai tsiyaye idanunsa da hannunsa kafin wasa ya ƙare.

Akwai nau'i na biyu na wannan hikima, wanda al'amari da kansa ke juyewa. Manzo ya zo daga Korinti da niyyar kwantar wa sarki hankali, bayaninsa kuwa shi ya tona asiri, kuma wannan wuri ne hakimi Aristatalis ya kafa misali da shi a littafinsa na ilmin sha'irci, inda ya ce maƙasudin irin wannan wasa shi ne ya motsa tausayi da tsoro. Duk da haka, a shekarar da aka nuna wasan Sarki Idifus, matsayi na biyu alƙalai suka ba Sofokilis, Filokilis ya zo na ɗaya.