Tarihin Sana'ar Rubuta Fortran da Asalin Kurakuran Ƙananan Mojul

Hasashen damina da ke isa ga manoman gero da gyaɗa na Matamaye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, yana biyowa ta hannun ma'aikatar yanayi ta ƙasa da cibiyoyi biyu da ke Yamai, wato AGRHYMET wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, da ACMAD wadda ta zauna a birnin tun 1992. Masanan waɗannan cibiyoyi suna dogara ƙwarai da sakamakon manyan manhajojin lissafin iska da ruwan sama, irin su WRF ta Amurka da IFS ta cibiyar hasashe ta Turai, kuma mafi yawan layukan waɗannan manhajoji da harshen Fortran aka rubuta su, harshen da ya girmi 'yancin kan Nijar da shekara uku.

John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM ne suka fitar da shi a 1957 domin kwamfutar IBM 704, tare da mafassari, wato manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. A 1958 FORTRAN II ya zo da damar raba shiri gida-gida a fassara kowane yanki daban, ciki har da fankishin, wanda shi ne guntun shiri mai karɓar ƙima ya mayar da amsa guda. Wannan dama ta sa gungun mutane suka iya haɗuwa a kan aiki ɗaya, sai dai ta zo da lahani mai nauyi, domin mafassari ba ya ganin fankishin ɗin da ke wani fayil, saboda haka idan mai kira ya miƙa cikakkiyar lamba inda ake jiran lamba mai ɗigo, ba abin da zai hana fassarar kammaluwa, sai dai amsa ta fito a karkace ba tare da gargaɗi ba. Fiye da shekara talatin masu sana'ar suka yi suna farautar irin wannan kuskure da ido, layi bayan layi.

Ƙa'idar Fortran 90, wadda hukumar ISO ta wallafa a 1991, ta kawo mojul, wato ƙunshin da ke tara bayanai da fankishin wuri guda, ya kuma sanar da duk mai amfani da shi nau'in abin da kowanne ke karɓa da wanda yake mayarwa. Daga nan kuskuren da ke ɓuya sai an gudanar da shiri ya dawo fili tun a lokacin fassara. Amma a manyan manhajoji sabuwar wahala ta ɓulla, domin gyaran layi ɗaya a cikin mojul na ƙasa yana tilasta sake fassara duk wanda ya dogara da shi, da wanda ya dogara da wancan, har aikin ya ci sa'o'i.

Maganin da aka samo shi ne ƙaramin mojul, wanda ya fara fitowa a rahoton fasaha na ISO mai lamba 19767 a 2005, ya shiga ƙa'idar Fortran 2008 da aka wallafa a 2010, ko da yake sai a 2016 mafassarin kyauta gfortran ya karɓe shi a fitowarsa ta 6. Tsarin ya raba fankishin gida biyu: sanarwarsa tana zama a babban mojul, gangar jikinsa kuma tana komawa ƙarami, ta yadda za a iya gyara jikin ba tare da an taɓa masu kira ba.

Daga wannan rabo ne kurakuran ƙananan mojul da masu sana'ar ke fama da su suka samo asali. Dole sanarwar ta ɗauki kalmar module a gaban kalmar function, kuma idan aka manta da ita, ana ɗaukar fankishin ɗin a matsayin na waje, sai mahaɗi, wato manhajar da ke ɗinke yankunan da aka fassara, ya koka cewa bai sami abin da ake kira ba. A cikin ƙaramin mojul hanya biyu ce ta rubuta jikin. Ta farko ita ce maimaita sanarwar gaba ɗaya, inda sunayen abubuwan da ake miƙawa, da nau'insu, da niyyar shigarsu ko fitarsu, da nau'in amsa, dole su yi daidai da na babban mojul ba ragi ba ƙari. Ta biyu ita ce rubuta module procedure da sunan kaɗai, inda komai ake gadonsa daga sanarwa, har da sunan da aka bai wa amsa, don haka sake bayyana ko da abu ɗaya kuskure ne. Ruɗanin sababbin shiga yakan faru idan suka gauraya hanyoyin biyu, kuma ta biyun ta fi aminci, tunda abin da ba a rubuta sau biyu ba babu yadda zai saɓa wa kansa, duk da cewa mai karatu sai ya koma wani fayil kafin ya san abin da sunayen ke nufi.

Saura kuma kuskure biyu da tsohuwar al'ada ke jawowa. Wanda ya saba da Fortran 90 yakan rubuta use da sunan babban mojul a cikin ƙaramin, alhali ƙaramin yana ganin duk abin da ke cikin babban kai tsaye, har da abin da aka ɓoye wa na waje, kuma ƙa'ida ta hana wannan kira. Haka nan mafassarai irin su gfortran suna ajiye fayil mai ƙarshen smod idan sun fassara babban mojul, wanda ƙaramin ke buƙata, saboda haka idan aka juya tsarin fassara, ko aka bar tsohon fayil bayan an sauya sanarwa, saƙon kuskure zai nuna layin da ba shi da laifi, kuma gyaran shi ne a share tsofaffin fayilolin a sake fassara babban kafin ƙaramin.