Doron da yawan sunkuyo ke kawowa, da yadda ake amfani da fom rola

Tun da na gama sakandare nake riƙe wa Baba lissafin shanu a Kara, bakin hanyar Legas zuwa Ibadan. Yini guda ina kan benci, kai a sunkuye, in ba littafi ba to waya. Wata rana ya dube ni ya ce, "Kai, yaro da kai har ka fara doro?" Dariya na yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Teloli, masu yankan farce, direbobi, 'yan POS, da yawanmu a nan Kudu haka muke yini.

Ƙashin gadon baya, daga gindin wuya zuwa inda haƙarƙari ya ƙare, gaɓoɓi 12 ne. Dama can yana da ɗan lanƙwasa, wajen digiri 20 zuwa 40. Idan mutum ya daɗe yana sunkuyo, naman ƙirji sai ya ɗaure, na tsakanin kafaɗu ya yi rauni, gaɓoɓin su sandare. Irin wannan doron yana miƙewa in ka gyara tsayuwa ko ka kwanta rigingine a ƙasa. Shi kaɗai ne fom rola ke yi wa amfani.

Fom rola wani gungumen soso ne mai tauri, kaurinsa kamar santimita 15, tsawonsa 30 zuwa 90. Ana samunsa a shagunan kayan motsa jiki. Kafin in sayi nawa, tawul nake naɗewa tamau, kuma ya yi aiki.

Ka ajiye shi a ƙasa, ka kwanta a kai ya gitta bayanka daidai ƙasan allon kafaɗa. Gwiwoyi a lanƙwashe, ɗuwawu a ƙasa, hannuwa biyu su tallafi ƙeya. Sai ka saki kafaɗu su yi baya a hankali kana fitar da numfashi, ka dawo. Sau biyar ya isa, sannan ka matsar da shi sama kaɗan ka maimaita. Kada ya hau wuya, kada ya sauka ƙugu, don can babu haƙarƙarin da zai tare nauyin. Wani lokaci za ka ji ƙas, ba komai in dai babu zafi. Mai dogon rola kuma ya kwanta a kansa ta tsawo, daga ƙeya har ɗuwawu, ya buɗe hannuwa gefe na minti ɗaya. Wannan na fi so, don ƙirji yake saki.

Gaskiya sauƙin ba ya daɗewa. Na yi wata guda ina murna da safe, kafin la'asar na koma yadda nake. Sai da na haɗa da matse allon kafaɗu baya sau goma-goma, da tashi daga benci duk bayan rabin awa, kafin na ga canji.

Akwai doron da ba na zama ba ne. Wani yana fitowa tun mutum na tasowa, gaɓoɓin ne da kansu suka karkace, kwanciya ba ta miƙar da shi. Na tsofaffi, musamman iyayenmu mata, sau da yawa ƙashi ne ya yi laushi, kuma danna shi a kan abu mai tauri na iya jawo karaya. Kada ka ɗauki rolarka ka kai wa Hajiya don tausayi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tibin ƙashin baya. Idan ƙashi ya turo waje guda kamar ƙulli, ga ciwo mai hana barci, ga zazzaɓi, zufan dare da rama, ko ƙafafu suna sanyi da rashin ƙarfi, to a ajiye rola, a bar zancen mai ɗori, a tafi asibiti a yi hoto. In aka yi jinkiri yana iya shanye ƙafafu. Maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati.