Nahawu a Matsayin Ƙofar Hankali: Tarihin Sharhin Littafin Guru Granth Sahib

1.0 Gabatarwa

Duk al'ummar da ta riƙi littafi a matsayin jagora takan fuskanci tambaya guda, wato wa ke da ikon fayyace ma'anar matani, kuma da wace hujja. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda mabiya addinin Sikh na yankin Fanjab suka tunkari wannan tambaya. Manufarta ita ce nuna cewa hankali ya sami gindin zama a sharhin littafinsu ta ƙofar nahawu, amma ya gamu da turjiya sa'ad da ya juya ga asalin matanin.

2.0 Matani da Wahalarsa

Guru Arjan, jagora na biyar bayan Guru Nanak ya kafa addinin, shi ya tattara littafin a 1604, aka ajiye shi a wurin ibada na Amritsar. A 1708 Guru Gobind Singh, na goma, ya ayyana cewa littafin ne zai gaje shi, ba wani ɗan Adam ba. Bugun da ake amfani da shi yana da shafi 1,430 cikin rubutun Gurmukhi.

Abubuwa biyu suka tsananta wahalar fahimtarsa. Na farko, harshensa gauraye ne na tsohon Fanjabi da Braj da Farisanci da kalmomin Sanskirit, domin ya ƙunshi har da waƙoƙin Kabir da Shaihu Farid. Na biyu, a da ana rubuta shi ne kalmomi a manne, babu tazara. Ke nan inda mai karatu ya yanke kalma, nan ma'ana take karkata.

3.0 Zamanin Naƙali

Tsawon lokaci ma'anar matanin tana hannun malaman da suka karɓe ta baki da baki, da kuma ɗariƙun Udasi da Nirmala waɗanda suka karanta shi da idon falsafar Vedanta ta Hindu. Saɓani ya bayyana tun da wuri: sharhin da Anandghan ya yi wa waƙar Japji a 1795 ya jawo raddin Santokh Singh a 1829.

A 1877 Bajamushe Ernest Trumpp ya buga fassarar wani sashe na littafin da Ingilishi, yana mai zargin matanin da rashin tsari. Wannan ya ɓata ran mabiya ƙwarai. Sarkin Faridkot, Bikram Singh, ya sa Giani Badan Singh ya rubuta cikakken sharhi, wanda ya kammala daftarinsa a 1883. Sai dai sharhin ya dogara ne ga abin da aka gada, bai samar da ma'aunin da za a raba gardama da shi ba.

4.0 Sahib Singh da Hujjar Nahawu

Wanda ya samar da ma'aunin shi ne Sahib Singh (1892-1977), masanin Sanskirit da ya koyar a Kwalejin Khalsa ta Amritsar. Ya lura cewa kalma guda takan zo da ƙarshe iri uku, misali sabad da sabadu da sabadi. Da yake ba kasafai ake furta waɗannan gajerun wasulan ƙarshe ba, da yawa sun ɗauke su a matsayin al'adar marubuta kawai. Shi kuwa ya nuna cewa ɗafi ne masu aiki: wasalin u yana nuna suna tilo na jinsin namiji, wasalin i yana ba da ma'anar "cikin" ko "ta hanyar", rashinsu kuma kan nuna jam'i ko kira.

Ya bayyana waɗannan ƙa'idoji a littafinsa Gurbani Viakaran (1939), sannan ya gina sharhinsa mai juzu'i goma a kansu tsakanin 1962 da 1964. Daga nan ɗalibi ya sami damar ƙalubalantar malami da hujjar da ke kan shafi. Aikin ya karɓu domin ya tabbatar da cewa matanin tsararre ne, akasin iƙirarin Trumpp.

5.0 Iyakar da Aka Gindaya

Labari ya sha bamban da aka ɗauki wannan hankali aka auna tarihin matanin kansa. A kundin digirinsa na uku a Jami'ar Toronto (1991), Pashaura Singh ya kwatanta tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya kafa hujjar cewa Guru Arjan ya yi aikin tacewa da daidaita lafazi. Masu suka suka ga wannan ya taɓa imanin cewa kalmomin wahayi ne. A 1994 ya gurfana a gaban Akal Takht, hukumar ƙoli ta addinin, aka ɗora masa kaffara ta hidimar ibada, ya kuwa karɓa.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa Sahib Singh da Pashaura Singh duk mabiya ne, kuma duk da kayan aikin nazarin harshe suka yi amfani. Abin da ya raba makomarsu shi ne tambayar da kowannensu ya yi: na farko ya tambayi abin da matani ke nufi, na biyu ya tambayi yadda matani ya kasance. Al'ummar Sikh ta amince nahawu ya yi alƙalanci a ta farko, ta biyu kuwa har yanzu ana muhawara a kanta.