Yadda Kyanwa Ta Sami Takardar Nasaba a Ingila

Ko da yake kyanwa ta daɗe tana zaune da ɗan Adam tun zamanin Fir'aunonin Masar, tana tsare masa rumbu daga ɓarnar ɓera, amma rubuta nasabarta a daftari, har a san uwarta da ubanta da kakanninta kamar yadda Larabawa ke kiyaye silsilar dawakinsu, al'ada ce ƙarama a shekaru, wadda tushenta yake Ingila. A watan Yuli na 1871 ne wani gwanin zane, Harrison Weir, ya shirya gagarumin nunin kyanwoyi a zauren Crystal Palace na birnin Landan, ya kuma rubuta wa alƙalai ƙa'idojin da za su yi hukunci da su, tun daga siffar kai da launin ido har zuwa laushin gashi da tsawon wutsiya. Muradinsa shi ne dabbar da ake jifa a kan titi ta sami daraja a idon jama'a.

Darajar kuwa ta samu, har ta wuce kima. Masu hali suka shiga neman kyanwar Farisa mai dogon gashi, da ta Siyam mai shuɗin ido, wadda wani jami'in jakadancin Ingila ya kawo wa 'yar'uwarsa mace da muzuru daga Bankok a 1884. A 1887 aka kafa ƙungiyar National Cat Club, Weir na shugabanta, amma bai daɗe ba ya yi murabus, saboda ya lura himmar mutanensa ta karkata ga cin kyauta da lambar yabo, maslahar dabbar kuwa ta koma baya. Bayan saɓani mai tsawo tsakanin ƙungiyoyi, a 1910 aka haɗa rajista a hannun majalisa ɗaya, GCCF, wadda har yau take riƙe da daftarin.

Abin da Weir ya hango, zamani ya tabbatar da shi, domin duk wanda ya zaɓi siffa guda ya nace a kanta, yana haɗa jini da jini na kusa, to, lalle ya tara illa tare da kyan da yake nema. An yi ta gajarta hancin kyanwar Farisa har numfashi ya yi wa wasunsu wuya, hawaye na zuba yana ɓata gashin fuska. A 1961 wani makiyayi, William Ross, ya ga wata farar kyanwa mai lanƙwasassun kunnuwa a wata gona a Sikotland, daga gare ta aka fitar da iri mai ban sha'awa. Sai ta bayyana cewa lahanin guringuntsin da ya lanƙwasa kunnen shi ne ke ƙage gaɓoɓi da wutsiya, GCCF ta daina yi wa irin rajista. Cutar ƙoda ta gado kuwa, wadda ta yaɗu cikin kyanwoyin Farisa, sai a 2004 masana a Amurka suka gano asalinta, aka sami gwajin da ke fallasa ta tun kafin barbara.

Daga waɗannan darussa ne sharuɗɗan yau suka fito. Mai niyyar shiga sana'ar kiwon kyanwoyi masu nasaba yakan fara da zama ƙarƙashin wani tsohon hannu, ya yi rajistar sunan gidansa, ya sayi macen da aka halatta kiwo da ita a daftari, ya kai ta wurin likitan dabbobi a gwada cututtukan gado da rukunin jini, don nonon uwa yakan halaka jariran da jininsu ya saɓa wa nata. Wajibi ne kuma ya tanadi kuɗin fiɗa idan haihuwa ta zo da gardama, ya riƙe 'ya'yan har mako 13 sai rigakafinsu ya kammala, ya binciki gidan mai saye. Wanda aljihunsa ko haƙurinsa bai kai nan ba, alheri ne gare shi ya tsaya ga kyanwa ɗaya, ya ciyar da ita.