Tarihin Tayar da Inji a Ƙasar Karfi

Duk wanda ya san Karfi da sauran garuruwan da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa ya san auduga ce ta fara jawo injuna zuwa wannan ƙasa, domin tun da hanyar jirgi ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa har ta dangana da Kauran Namoda a 1929, kuma kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, sai ya zama wajibi a sami abin da zai riƙa kwaso kaya daga kasuwannin ƙauye, wanda ya fi jaki ɗauka, ya kuma fi shi sauri. Nan ne manyan motoci suka shigo, da su kuma aka shigo da wata mas'ala wadda har yau ba ta ƙare ba, watau yadda za a tayar da inji idan ya kwana.

Hakika tun 1912 wani Ba'amurke, Charles Kettering, ya sa wa motar Cadillac kik, watau na'urar tayar da inji, mai aiki da batir, amma galibin direbobin farko ba su sakankance da shi ba, saboda lokacin cinikin auduga shi ne lokacin hunturu, sanyin asuba kuwa yana rage ƙarfin batir, yana daskarar da baƙin mai. Don haka aikin ya koma wuyan yaron mota, wanda zai zura ƙarfen wana inji a hancin mota ya murɗa da iyakar ƙarfinsa, yana kiyaye babban yatsansa, gama idan inji ya yi tutsu ya juyo baya, ƙarfen nan yana iya karya tsintsiyar hannu. Direba mai hankali kuwa a kan gangara yake kwana, a sa wa taya waji, da safe a zare.

Al'amarin ya sauya sosai bayan 1975, sa'ad da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, taraktoci da a-kori-kura suka yawaita a karkara. Injin dizal ba ya wanuwa da hannu in ya girma, sabili da tsananin matsin da ke cikinsa, tarakta kuma da ta mutu a tsakiyar huɗa ba mai iya tura ta. Bukata ta haifi ma'abota wata sana'a daban da ta makaniki, su ne masu wayarin, waɗanda ilminsu, ko da yake babu littafi a cikinsa, yana da tartibi da silsila daga maigida zuwa almajirinsa.

Tartibin nan shi ne abin da ya fi ƙayatar da ni. Gwani ba ya tuhumar kik sai ya wanke batir daga zargi, kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci kafin bayyina. Yakan ce, "Direba, kunna fitila, ka ba ta wuta mu ji." In fitila ta dushe, aka ji ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa, to batir ne ya yi sanyi, ko kuwa kawunansa sun yi farin gishiri suna bukatar kankara da ɗauri. In kuwa ƙas ɗaya aka ji, fitila tana nan garau, zargi ya koma kan solonayid, wannan ɗan gwangwanin da ke bisa kik, wanda aikinsa biyu ne: ya tura bendis ya kama haƙoran filawul, sa'an nan ya haɗa wasu kawunan tagulla da wuta mai yawa take bi ta cikinsu, waɗanda yau da gobe sukan ƙone su yi baƙi. A nan ne zai ɗauki tsohuwar sifana ya gama manyan notuna biyu na jikin solonayid, tartsatsi ya tashi. In kik ya juya, ya kuɓuta, in ya yi shiru, sai a ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da guduma, la'alla burushi ne ya cinye. Wanda ke juyawa fiii ba ya kama inji, bendis ɗinsa ne. Dabarar sifanar nan fa tana da hatsari, musamman ga tarakta, domin mai yi yana tsaye gaban tayar baya ne, in an mance ta cikin giya, kansa za ta hau.

Da darajar naira ta karye daga 1986, sabon kaya ya gagari talaka, sai gyara ya yi daraja fiye da dā, ana goge tagulla da sanfefa a juya ta, ana naɗe amaca da sabuwar waya, abin da ya faskara kuma a aika Ƙofar Ruwa ta Kano a nemo na Beljiyam. A ganina a wannan zamani ne sana'ar ta kai matuƙa. Yanzu da kayan Sin masu araha suka cika shaguna, yara da yawa sun gwammace su kwance kik ɗungurungum su ɗaura wani, alhali sau tari laifin bai wuce wayar as da ta yi tsatsa a jikin shasi ba, manomi kuwa ya riga ya sayar da masararsa ya biya.