Daga kaset zuwa CapCut

'Yan uwa, mu da muka taso a Sabo mun san lokacin da bidiyon taro sai an ɗauko mai kyamara, ya kai shago ya tace, a yi kwanaki ana jira, sannan a ba direba kaset ya kai wa dangi a Arewa. Daga baya muka koma turi ta Bluetooth. A 2013 Vine ta zo da bidiyon daƙiƙa 6, TikTok ta biyo baya, CapCut kuma ta bazu daga 2020, almakashin ya dawo hannun yaranmu. Da can mai shago yakan saurari jawabin dattijo har ƙarshe kafin ya yanke. Yanzu jimla ɗaya ake cirowa, kuma kafin a tashi daga taro ta isa wayoyin maƙwabtanmu Yarabawa.